Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Lafiya Na Majalisar Tarayya Kan Kwafin Halitta Da 'Ya'yan Tayin Da Ke Daskare A Asibitocinmu

Zuwa ga Masu Girma Shugabanni da Mambobin Kwamitocin Lafiya na Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, Abuja.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne a kan sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. A cikinmu akwai likitoci, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da lauyoyi, da malaman addini, Musulmi da Kirista. Sashen ya hana abu uku: taɓa bayanan gado na ɗan Adam, wato waɗanda ɗa ke gada daga iyayensa a cikin ƙwayoyin jikinsa, har da na ƙwai da maniyyi da ɗan tayi, yin kwafin mutum, da shigo da ɗan tayi ƙasar nan ko fitar da shi. Wanda ya karya, ɗaurin aƙalla shekara biyar ne, babu zaɓin tara. Haramcin kwafin mutum muna tare da ku a kansa, kada ku sassauta ko kaɗan. Abin da ya dame mu shi ne dokar ta datse ƙofar da babu mai shirin shiga yau, ta bar wadda jama'a ke bi kullum a wangale. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin mu faɗi buƙatarmu sai mun warware zaren, domin abubuwa dabam-dabam ake tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ƙwayar tushe ita ce ƙwayar halittar da ba ta riga ta zama komai ba, tana iya hayayyafa, tana iya rikiɗa ta zama wata ƙwayar. Kowane baligi yana da irinta a ɓargonsa, ita ce ke ƙera jini har ƙarshen rayuwa. Akwai ta a jinin cibiyar jariri. Waɗannan ba mai jayayya a kansu. Da su ake dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai ciwon sikila a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Iyakarsu dai ba su wuce gidansu: ta jini jini take haifarwa.

Ta ɗan tayi ce ake rigima a kanta. Idan aka haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, kamar yadda ake yi a dashen ciki da ake kira IVF, ƙwan yana rabuwa biyu, huɗu, takwas. A kwana na biyar ko na shida ya zama 'yar ƙwallo mai rami a ciki, ƙwayoyinta ɗari da wani abu, girmanta bai kai ɗigon alƙalami ba. Ɓawon waje shi zai zama mabiyiya. A cikin ramin, manne da gefe ɗaya, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyi, shi ne zai zama jaririn in an dasa kuma Allah ya nufa. Wannan curin ake cirewa a raina shi a faranti, a zafin jikin mutum, ana sauya masa ruwan abinci kullum. In ya kama, zai yi ta hayayyafa shekara da shekaru, kuma yana iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki: ta zuciya, ta ƙwaƙwalwa, ta ido. James Thomson na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ne ya fara cin nasarar wannan a 1998, ya samar da zuriyar ƙwayoyi guda biyar. Amma babu hanyar ɓoye gaskiyar da ke ƙasa: da zarar an cire curin, ɗan tayin ya tashi daga aiki. Duk muhawarar duniya a kan wannan jimlar take.

Kwafin halitta kuma wani aiki ne dabam. Ana ɗaukar ƙwan mace a zuƙe ƙullin da ke tsakiyarsa mai ɗauke da bayanan gado, a sa masa ƙullin wata ƙwaya ta jikin baligi, a ɗan ja masa wutar lantarki don su haɗe, ƙwan ya fara rabuwa kamar maniyyi ya shige shi. Haka aka yi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Roslin ta Sukotland a 1996, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara shida. Sunan ya zagaya duniya, lissafin ne ba a cika faɗa ba: ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka kai a dasa, aka raba su ga tumaki 13, ɗiya ɗaya ta zo da rai. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, a 2018, da aka sanar da kwafin birai a Sin, 'ya'yan tayi 79 aka dasa wa birai 21, ciki shida ya shiga, biyu suka rayu. Dalilin asarar sananne ne. Ƙullin ƙwayar baligi ya riga ya rufe wasu bayanan ya buɗe wasu gwargwadon aikinsa a jiki, ƙwan kuma ba ya iya goge wannan tsarin duka. Sai mabiyiya ta kumbura fiye da ƙima, ɗan ya yi girman da ya wuce hankali, huhu ko zuciya su zo da naƙasa. A sa mata a madadin waɗannan tumakin, a ƙirga ɓari da gawarwaki, ba sai an kai ga maganar nasaba ba hankali ya ƙi. Nasabar kuma tana nan: wanda aka kwafa daga mutum, ɗansa ne ko ɗan'uwansa? Wa zai gada, wa ya haramta gare shi? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta shi a zamanta na Jidda a 1997, Cocin Katolika ma haka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi sanarwar ƙinsa a 2005 da ƙuri'a 84, masu adawa 34, 'yan ba-ruwanmu 37.

Waɗancan masu adawa 34 ba kwafin jarirai suke so ba. Suna kare wani reshe ne: a yi kwafin, a tsaya a kwana na biyar, a ciri curin don samar wa majiyyaci ƙwayoyin da garkuwar jikinsa ba za ta yaƙa ba. Birtaniya ta halatta wannan da lasisi. Mu shawararmu kada Najeriya ta bi ta, kuma hujjarmu ba ta addini kaɗai ba ce. Hujjarmu mata ne.

Ƙwan mace ba a tsintarsa. Don a samu takwas zuwa goma sha biyar a lokaci guda, sai an yi wa mace allurar sinadarin haihuwa kowace rana, kwana goma zuwa sha biyu, ana duba ta da na'urar hoton ciki. Sai a yi mata allurar nunar da ƙwai, bayan awa 34 zuwa 36 a sa mata maganin barci, a zura doguwar allura ta gabanta a zuƙo su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma'ajiyar ƙwan tana amsa maganin fiye da kima. Ta kumbura, ruwa ya tsiyaye daga jijiyoyi ya cika ciki har da ƙirji, jini ya yi kauri ya daskare a ƙafa ko a huhu, ƙoda ta tsaya. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne 'yan mata masu ƙarancin shekaru da yawan ƙwai, wato daidai waɗanda masu neman ƙwai suka fi so. Koriya ta Kudu ta ga ƙarshen wannan hanya. Hwang Woo-suk ya shelanta a 2004 da 2005 cewa ya yi kwafin ɗan tayin mutum ya ciri ƙwayoyin tushe, ƙasarsa ta ɗaga shi sama. Bincike ya nuna ƙarya ce tsagwaronta, bayan ya cinye ƙwai fiye da 2,000, wasu an saye su da kuɗi, wasu daga jikin mata biyu da ke aiki a ƙarƙashinsa. Wannan ƙasa ce mai arziki da hukumomi masu haƙora. To ina ga inda ɗalibar jami'a ba ta da kuɗin rajista? Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin ɗalibai mata da ke sayar da ƙwai ga dillalan asibitocin haihuwa. Babu rajistar da za ta nuna wace yarinya aka zuƙa sau nawa, a wane asibiti, kuma wa ya biya kuɗin jinyarta da cikinta ya kumbura. Wannan yana faruwa yau, kuma sashe na 50 bai ce uffan a kansa ba.

Sa'annan buƙatar da ta sa aka nemi wancan reshen ta ragu ƙwarai. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya nuna cewa in aka cusa wa ƙwayar fata bayanan gado guda huɗu, tana komawa baya ta zama kamar ta ɗan tayi. A 2007 aka yi da ƙwayar mutum, a 2012 ya karɓi lambar Nobel. Ba ƙwai, ba ɗan tayi, ɗan yankin fata ko ɗan jini ya isa. Ba mu ce ta warware komai ba. Masu bincike har yau da ƙwayoyin ɗan tayi suke auna ingancinta, kuma ɗaya daga cikin bayanan huɗun yana da alaƙa da ciwon daji. Amma jami'o'inmu za su iya shiga wannan fage ba tare da an taɓa ɗan tayi ko ɗaya ba, in doka ta faɗi ƙarara cewa halas ne.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da mu. Tun 1998 aka haifi jaririya ta hanyar dashen ciki a Abuja, yau asibitocin da ke wannan aiki sun yawaita a manyan biranenmu. A kowane zagaye ana haɗa ƙwai da yawa, a dasa ɗaya ko biyu, sauran a daskarar da su a cikin tulun ruwan naitirojin, a sanyin 196 ƙasa da sifiri. Akwai kuma ma'auratan da dukansu AS ne, waɗanda kowane cikinsu yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Suna yin dashen ne don a ciri ƙwayoyi biyar zuwa goma daga ɓawon ɗan tayin a gwada, a dasa wanda ba shi da cutar. In kuma suna son ƙanen da ɓargonsa zai dace da na yayansa mai jinya, lissafin ya ƙara tsuke: uku cikin huɗu ba su da cutar, ɗaya cikin huɗu ke dacewa, wato uku cikin goma sha shida ne ke cika sharaɗin biyu. Sauran goma sha ukun fa? Suna cikin tulu. Na wa ne in an yi saki? In mijin ya rasu, matar tana da ikon a dasa mata, alhali malamanmu sun ce igiyar aure ta yanke? Shekara nawa za a ajiye? In ma'auratan sun daina biyan kuɗin ajiya, wa zai yanke hukunci? In asibitin ya rufe fa? Yau kowane asibiti da takardar da ya rubuta wa kansa.

Tulun ma ba abin sakaci ba ne. Ruwan yana ƙafewa a hankali, sai ana auna shi ana ƙarawa. A watan Maris na 2018, a ƙarshen mako guda, tulu ya lalace a asibitoci biyu na Amurka, ɗaya a Kilibland ɗaya a San Faransisko. A na Kilibland ƙwai da 'ya'yan tayi kusan 4,000 suka salwanta, kuma an tarar ƙararrawar gargaɗin a kashe take. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa asibiti a nan ya sa ƙararrawa, ko tulun ko-ta-kwana, ko ya sa mutum biyu su shaida sunan da ke jikin kowane faranti kafin a dasa. Kuskuren suna ɗaya ya isa a dasa wa mace ɗan wata.

Ko za a yi bincike da waɗannan ragowar? A nan mu kanmu masu wannan wasiƙa ba bakinmu ɗaya ba, kuma gara ku ji saɓanin yadda yake. 'Yan'uwanmu Katolika suna ganin mutum ne tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, ba a kashe shi don ceton wani, shi ya sa ma Cocin bai yarda da dashen cikin ba tun asali. A ɓangaren Musulunci, Alƙur'ani ya ambaci matakan halitta, nuɗfa da alaƙa da mudga, hadisi kuma ya nuna busa rai bayan kwana 120. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsananta ga abin da ya riga ya zauna a mahaifa, ko kafin kwana arba'in. Wanda ke cikin faranti bai zauna a mahaifa ba, a nan ne malaman zamani suka yi ijtihadi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata, in an samu ragowa a bar shi ya ƙare da kansa, kuma haramun ne a dasa wa wata mace. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe daga baligi da izininsa, daga cibiya da mabiyiya, da ragowar dashen ciki in iyayen sun bayar, ta kuma haramta haɗa ɗan tayi da gangan don bincike, da zubar da ciki don haka, da kwafi ko da don magani ne. Iran ta bi hanyar halattawa, cibiyarta ta Royan ta samar da zuriyar ƙwayoyinta tun 2003.

Ƙasashen da suka zauna suka yi doka sun bar mana hanyoyi biyu da za a iya kwaikwaya. Birtaniya, da dokarta ta 1990, ta kafa hukuma mai ba da lasisi, ta kuma sa iyakar kwana 14. Ba a kan son rai aka zaɓi adadin ba: kusan a nan ne layin farko da laka za ta bi yake bayyana, kuma daga nan ɗan tayi ba ya ƙara rabuwa ya zama tagwaye. Jamus ta hana lalata ɗan tayi a cikin ƙasarta, ta yarda a shigo da zuriyar ƙwayoyin da aka riga aka samar kafin wata ƙayyadaddiyar rana, wadda yanzu take 1 ga Mayu 2007. Amurka ba abin koyi ba ce a nan: Shugaba Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a 2001, Obama ya buɗe a 2009, bincike yana rawa da kiɗan zaɓe. Mafi yawanmu mun fi karkata ga hanyar Jamus, domin ta fi dacewa da ƙasar da da yawa daga jama'arta ke ganin abin kisan kai ne, kuma ba mu da hukumar da za ta iya tsare iyakar kwana 14 a yanzu. Wasunmu sun fi son fatawar Makka. Duk mun haɗu a kan cewa shirun doka ya fi kowace daga cikin biyun muni.

Akwai kuma gyaran lafazi da ba zai jira ba. Sashen ya ce kada a taɓa kowane irin bayanan gado, bai bambance ƙwayar da ake gada da wadda ba a gada ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy na sikila: a ciri ƙwayoyin tushen jinin majiyyacin, a gyara su a ɗakin gwaji don su koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, a mayar masa. Gyaran yana tsayawa a kansa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, ya fi ƙarfinmu yau, amma ba zai dawwama a haka ba. A fahimtarmu, likitan da ya yi wannan a Zariya ko Ibadan zai iya faɗawa ƙarƙashin lafazin sashen, a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara, fiye da ko'ina a duniya. Abin da ya kamata a hana shi ne irin aikin He Jiankui na Sin, wanda ya gyara 'ya'yan tayi a 2018 aka haifi tagwaye da gyaran a jikinsu, kotu ta ɗaure shi shekara uku. Ku raba waɗannan biyun a rubuce.

Muna kuma roƙonku ku dubi kasuwar da ta taso a inuwar wannan suna. A Facebook da WhatsApp ana tallar gari da ƙwayoyin haɗiya da sunan ƙwayoyin tushe, ana cewa suna warkar da sikila, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da rashin haihuwa. Ƙwaya mai rai ba ta rayuwa a cikin gari a kan kanta, in ma ta rayu, ruwan ciki zai narkar da ita kamar loma. Asara ta kuɗi ce, sai kuma mai jinya ya ajiye maganinsa na gaskiya. Masu allura sun fi haɗari. Ƙwayar da ba ta gama rikiɗa ba, in ta shiga jiki, tana iya zama ƙari mai gashi da haƙora da guntun hanji a cikinsa. Wani yaro ɗan Isra'ila da aka yi wa allurar ƙwayoyin ɗan tayi a Mosko ya samu ƙari a ƙwaƙwalwa da laka, gwaji ya tabbatar ƙwayoyin ƙarin ba nasa ba ne. A Fulorida a 2015 aka yi wa mata uku allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a idanu biyu a rana ɗaya, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Magani na gaskiya yana tafiya a hankali: gwajin farko da ƙwayoyin ɗan tayi a jikin mutum sai 2010 aka fara shi, shekara 12 bayan Thomson, kuma masu ciwon suga da aka dasa wa irin waɗannan ƙwayoyi a gwajin baya-bayan nan, ko da sun bar allurar insulin, sai sun dawwama a kan maganin danne garkuwar jiki. Hukumar NAFDAC da Majalisar Likitoci suna buƙatar sashe a doka da ya ce duk wanda ya karɓi kuɗi a kan maganin ƙwayoyin tushe da ba a yi wa rajista ba ya yi laifi, ko likita ne.

Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, yara 11 daga cikin waɗanda ke gwajin suka rasu, aka shafe shekaru a kotu a kan ko iyayen sun san gwaji ne, har aka yi sulhu a 2009. Tabon ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Don haka takardar amincewa, ta mai ba da ƙwai ce ko ta ma'auratan da za su yanke hukunci a kan ragowarsu, ta zama cikin harshen da suke ji, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida, kuma mai karɓar sa hannun ya zama ba likitan da ke da riba a ciki ba. Miji da mata kowa ya sa nasa hannun dabam, kowa yana da ikon janyewa kafin a taɓa.

Ranku ya daɗe, muna neman ku kira zaman jin ra'ayin jama'a a wannan zangon majalisa, a yi shi a kowace shiyya, ba Abuja kaɗai ba, a gayyaci Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, da malaman addinan biyu, da likitocin haihuwa, da iyayen masu sikila. Kafin ranar, ku umarci Ma'aikatar Lafiya ta kawo muku adadi uku: asibitoci nawa ke dashen ciki a Najeriya, 'ya'yan tayi nawa ke daskare a tulunansu, kuma mata nawa aka ɗebi ƙwansu a shekarar da ta wuce. A shirye muke mu zo mu yi bayani a gabanku, da Hausa ko da Turanci.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu likitoci, ma'aikatan ɗakin gwaji, lauyoyi da malaman addini.